ZAMAN RITAYA A BAKIN TEKU: INA ARAHAR TAKE?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Tudun Jukun, Zariya)



Sa'ad da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan zaɓen mazauni mai araha a bakin teku bayan ritaya, na san wasu za su yi murmushi su ce me ya haɗa ɗan Tudun Jukun da teku, alhali ruwan da muka tashi muka sani bai wuce Kubanni da Galma ba. To amma tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano ta Zariya a 1912, 'ya'yan wannan gari suke gangarawa Kurmi, wasu fataucin goro da shanu, wasu aikin reluwe da kwastan da soja da tashar jiragen ruwa. Ni kaina na shafe shekara 31 a Legas. A can na yi aure, a can aka haifi 'ya'yana, a can kuma uku daga cikinsu suke neman abinci. Ranar da ma'aikaci irina ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 da kama aiki, aka ce ya miƙa makullin gidan gwamnati, ranar ce tambayar takan tsaya masa a wuya: ya koma gida, ko ya nemi wani lungu mai sauƙin kuɗi kusa da 'ya'yansa? Abin da nake son mu tattauna ke nan.

Da farko mu dubi aljihu. Tun daga gyaran da aka yi wa dokar fansho ta 2004 a 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a asusunsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma yana zuba kashi 10. Idan ritaya ta zo, a ba mutum wani kaso dunƙule, sauran a riƙa tsakuro masa wata-wata. Wannan na wata-watan ba ya tsere da farashin kasuwa. Duk wanda ya yi ritaya kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, ya ga yadda kuɗin da a da yake kai shi ƙarshen wata ya koma ba ya kai shi tsakiya. Saboda haka idan muka ce araha, kada hankalinmu ya tsaya a kan kuɗin fili ko na haya. A haɗa da kuɗin mota, da ruwan sha, da magani, da gyaran gida, da kuɗin zuwa gida biki ko ta'aziyya, a lissafa na shekara goma ko ashirin masu zuwa.

To, waɗanne wurare ne ake magana? Ikoyi da Victoria Island da Lekki ba na mai fansho ba ne, mu wuce su. A shekarun baya Ibeju-Lekki da Epe, garin kifi, su ne mafakar mai ƙaramin ƙarfi, amma tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Ɗangote a 2023 filayen yankin suka yi tashin gwauron zabo. Ikorodu tana bakin tafkin Legas, kuma ana shiga jirgin ruwa daga can zuwa tsibiri. Badagry, wadda take kusa da kan iyakar Seme, gari ne mai tarihi da itatuwan kwakwa da sauƙin haya idan an kwatanta da tsakiyar birni, sai dai duk abin da mutum ya rage a haya zai iya biyan sa a hanya idan 'ya'yansa da asibitinsa suna cikin gari. Kalaba kuwa tana bakin kogi, kusa da inda yake faɗawa teku. Gari ne mai natsuwa, kuma Hausawa suna da tsohuwar unguwarsu ta Bogobiri, amma ruwan saman da ake yi a can ya kusa ninka na Zariya sau uku.

Akwai kuma masu hangen ƙetare, wato Kwatano da Lome da Ankara, babban birnin Gana, inda zangon Hausawa ya daɗe da kafuwa, har mutum ya wuni a Nima ko Sabon Zango bai yi wani yare ba sai Hausa. Gaskiya ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga waɗannan ƙasashe mu yi kwana 90 ba biza. Sai dai mai karɓar fansho da naira ya tuna cewa a farkon Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa ɗaure take da kuɗin Yuro, ba ta bi naira ƙasa ba. Wanda ya kama haya a Kwatano da lissafin da, ya wayi gari hayarsa ta ninka ba tare da mai gida ya ƙara ko sisi ba. A Gana, tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya riƙe fili fiye da shekara 50 a hayar lokaci guda ba. Dattawanmu kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardar zama, mutane suka baro gidaje da shaguna. A Lome ma an tashi tsohon zango daga tsakiyar gari a 1977 aka mai da shi bayan gari. Baƙo, komai daɗewarsa, baƙo ne.

Abu na biyu shi ne ƙasar da za a zauna a kai. A nan Zariya idan ka sayi fili, inda ka bar shi nan za ka same shi. A bakin teku fili yana da masu jayayya uku: ruwa, da gwamnati, da masu ƙasa. Garin Ayetoro a Jihar Ondo teku yana cinye shi gida bayan gida, haka Keta a Gana ta yi asarar unguwanni. A Yulin 1990 an rushe Maroko a Legas, mutane wajen dubu 300 suka rasa matsuguni. A 2024 kuma, da aka fara aikin babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, gine-gine da dama sun tafi. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, don haka rasit ɗin da dangin masu ƙasa suka rubuta maka ba ya tsayawa a matsayin takardar shaidar mallaka.

A nan zan tona asirin kaina domin wani ya amfana. Saura shekara shida in yi ritaya, na sayi fili a wani ƙauye a gefen tafki. A watan Janairu na je na gani, ƙasa busasshiya, iska mai daɗi, farashi kamar kyauta. Na biya, na zuba bulo. Da na koma a watan Yuli, sai a kwalekwale aka nuna mini inda bulona yake. Bayan ruwa ya janye, wani reshe na dangin da suka sayar mini ya zo ya ce ba da yawunsu aka yi ciniki ba, sai na sake biya. Ranar na gane abin da Bahaushe yake nufi da araha ba ta ado. Don haka nake roƙon duk mai niyya: ka je ganin wuri a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Ka dubi bangon maƙwabta, za ka ga layin da ambaliya ta bari. Ka ɗanɗani ruwan rijiya, ko na zartsi ne. Ka ɗauki lauya da safiyo su bincika a ofishin filaye kafin ka fitar da kobo. In da hali ma, ka yi hayar shekara guda a unguwar kafin ka saya, domin gani ya kori ji.

Abu na uku, lafiyar jiki da ta gida. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da mota da firji, abin da zai shekara ashirin a nan sai ya yi tsatsa tun bai je ko'ina ba. Sauro kuma ba ya hutun rani kamar namu. Sai dai a faɗi gaskiya, mai fama da asma ko tari, wanda ƙurar hunturu take kwantar da shi kowace shekara, yakan sami sauƙi a can. Kowa ya tambayi likitansa. Ya kuma auna nisan gidan da babban asibiti da minti, a lokacin cunkoso, domin hawan jini da ciwon suga ba sa jiran hanya ta buɗe. Mu a nan Shika tana kusa, wannan ni'ima ce da ba mu cika lissafa ta ba.

Abu na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne jama'a. Matashi yana iya zama ko'ina, domin aiki ne abokin hirarsa. Dattijo kuwa yana bukatar masallacin da zai taka da ƙafa, da dakalin da za a tambaya in ba a gan shi ba kwana biyu, da mutanen da za su sallace shi su kai shi makwanci. Abin da ya sa ke nan da yawa daga cikin tsofaffinmu suka zaɓi Agege, ko da yake ba a hango teku daga can. Kuma wanda zai zauna, ya zauna da maƙwabtansa Yarabawa ko Ifik da amana, ya ji harshensu, ya halarci sha'aninsu. Waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016 sun ba da labarin yadda maƙwabci na gari ya zama katanga. Kada kuma maigida ya yanke shawara shi kaɗai. Uwargida ita ce za ta wuni a gidan, ita ta san kasuwa da famfo, a ji ta bakinta.

Ni dai ga yadda na ƙare. Na sayar da wancan fili da asara, na gyara sashen mahaifina a nan Tudun Jukun, ɗana kuma ya keɓe mini ɗaki a gidansa na Ikorodu. Nakan yi hunturu a can, in dawo in yi damina a gonata. Ban ce kowa ya yi haka ba. Wanda sana'arsa da iyalinsa suka kafu a bakin teku, ya nemi tudu, mai takarda, kusa da jama'a da asibiti, ya zauna da albarka. Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya sayar da gadonsa na gida domin ya sayi fili a can. Ko ɗaki ɗaya ne a bar shi, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daga ƙarshe ina ba wannan ƙungiya shawara ta kafa ƙaramin kwamiti na waɗanda suka riga suka yi ritaya, da lauya ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, domin duk wanda ya rage masa shekara biyar a aiki ya zauna da su kafin ya taɓa kuɗinsa. Tun ran gini ake zane.

 Allah ya sa mu gama lafiya, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, ya ƙara wa Zazzau albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.