WUƘAR SHIGA DAJI: WACE CE ZA A ZAƁA?

Jawabin da aka yi a taron ƙungiya na bayan girbi, aka buga shi domin ƴan uwa da ke wurin bida

Iyayenmu dattawa, Allah ya ja da ranku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da ƴan kwamiti, da ƴan uwa da suka komo daga Abijan, da Legas, da Kano, da Libiya, barkanmu da ganin juna lafiya.

An ba ni magana bisa wani abu ƙarami, wato wuƙa. Wani zai ce wannan bai kai a tara dattawa saboda shi ba. To ga dalili. Kowace shekara ƴan bida suna komowa da tsarabar wuƙaƙe masu ƙyalli, dogaye, wasu da haƙora a gadon baya, wasu da zanen damisa a ƙota. A ba ƙane, a ba ɗa. Kafin damina ta zagayo rabinsu sun karye, sauran kuwa suna rataye a ƙugun samari ran kasuwa, inda ba su da aikin yi. Kuɗin gumi ya tafi, yaron da ke bin dabbobi bai samu abin aiki ba, maƙerin garinmu kuma yana zaune babu ciniki. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne, wuƙar daji kayan aiki ce kamar hauya da lauje, kuma da aikinta ake zaɓenta.

Mu fara da aikin. Wanda ya kwana a dajin Adar, bisa duwatsun Buza da Keita ko cikin kwarin Tarka da Majiya, ya san abin da yake nema ga wuƙa. Zai yanke igiya. Zai sale ɓawon kalgo ya ɗaure kaya. Zai yanko kaba, ya fere sanda, ya fiƙe turke, ya cire wa jaki ƙaya a kofato. In ya kama zomo ko zabo, zai yanka ya gyara. Babban aikin kuwa shi ne ranar da tunkiya ta faɗi nesa da gari, numfashinta na fita. In wuƙa na da kaifi, an samu nama. In ta dakushe, ko an bar ta gida, dabba ta zama mushe, dukiya ta salwanta. Malamai kuma sun sha gaya mana cewa wasa wuƙa kafin yanka umarni ne, don kada a wahalar da dabba. Dattawan da suka ga yunwar 1973 da ta 1984, lokacin da mutane suka koma ga ganyen jiga da ƴaƴan anza, sun fi ni sanin amfanin ƙaramar wuƙa a jikin matafiyi.

Ku lura, duk cikin ayyukan nan babu sara. Sara aikin gatari ne, sassabe aikin adda ne. Wanda ya nemi wuƙa ɗaya ta yi masa aikin gatari da na adda da na aska, zai samu wadda ba ta iya ko ɗaya.

Abu na farko da za a duba shi ne tsawo. Bakin wuƙa, ban da ƙota, ya kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ya ɗara kaɗan, wato santimita 10 zuwa 12. Makiyayi mai yawan yanka yana iya ƙarawa zuwa kusan taƙi ɗaya. Abin da ya wuce haka ya zama barho, aikin mahauta. Doguwar wuƙa nauyi gare ta, tana dukan cinya wajen tafiya, kuma hannu ba ya iya sarrafa tsininta wajen ƙaramin aiki. Ko can ƙasashen Turawa, inda ake koyar da zaman daji kamar darasi, wani sanannen malaminsu na Kanada, Mors Kochanski, awon da yake ba ɗalibansa ke nan: faɗin tafin hannu. Kakanninmu sun riga shi sani. Kaurin gadon baya kuma ya kai kamar milimita 3, ba siriri kamar wuƙar yankan kuɓewa ba, ba kuma mai kauri kamar bakin gatari ba. Kaifi gefe ɗaya ya isa, domin sau da yawa za ka ɗora babban yatsa bisa gadon baya ka danna. Mai kaifi biyu, irin wuƙar damtse, ba don fere itace aka ƙera ta ba.

Abu na biyu shi ne ƙarfe. Ƙasarmu ta Adar ƙasar maƙera ce tun asali. Da, tama suke haƙowa su narka da kansu, har wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna cikinsu a shekarun 1960 ta ɗauki sinima na yadda ake narkar da ita. Yanzu an bar narka tama, da tsohon ƙarfe ake ƙira, kuma tsohon ƙarfe iri-iri ne. Wanda ya fi kyau ga wuƙa shi ne sifirin na mota, waɗannan falle-fallen ƙarfe da ke ɗauke da nauyin kamiyo daga ƙasa, sai kuma tsohon magagari. Suna da wani sinadari da ake ce wa karbon daidai gwargwado, shi ne ke sa ƙarfe ya yi tauri idan aka tsoma shi cikin ruwa ko mai yana ja. Ƙarfen tano da ƙarfen gini ba abin dogara ba ne. Za su yi kaifi da safe, kafin azahar sun dakushe. Saboda haka ka tambayi maƙeri kai tsaye da wane ƙarfe ya yi ta. Maƙerin da za ku haɗu gobe a masallaci ba zai yi maka ƙarya ba.

Wuƙaƙen kanti masu ƙyalli galibinsu ƙarfen inokis ne, wanda aka haɗa da kurom fiye da kashi 10 cikin 100 don kada ya yi tsatsa. Akwai nagari cikinsu, amma nagarin da tsada suke, ba su ne ake shimfiɗawa a bakin tasha ba. Ƙasarmu kuma busasshiya ce. In ka ɗebe watannin damina, tsatsa ba ita ce babbar matsalarmu ba. Abin da muke bukata shi ne ƙarfen da ke riƙe kaifi, wanda kuma in ya dakushe za ka wasa shi da dutsen da ka tsinta a ƙorama. Baƙin ƙarfen maƙera ya cika waɗannan biyun.

Abu na uku shi ne ƙota, kuma nan ne yawancin wuƙaƙen tsaraba ke mutuwa. Ƙarfen wuƙa yana da wutsiya wadda ke shiga cikin ƙota. A wuƙar kirki wutsiyar nan tana ratsa ƙota har ƙarshe, a lanƙwasa ta ko a daddale ta, ko kuwa a haɗa itace biyu gefe da gefe a buga ƙusa. A wuƙar banza wutsiyar ba ta wuce gaɓar yatsa ba, an liƙa ta cikin roba. Ranar da ka danna da ƙarfi sai bakin ya rabu da ƙota, in an yi rashin sa'a ya tafi da yatsa. Itacen ƙota ya zama mai tauri, busasshe, kamar aduwa ko ƙirya. Ta cika hannu, kada ta yi santsi. Ka tuna za ka riƙe ta da gumi, da jini, da kitse. Ƙotar ƙarfe zalla kuwa, bar ta cikin ranar bazara ka ga ko za ta taɓu.

Abu na huɗu shi ne kube. Wuƙa marar kube ba a shiga daji da ita. A kai wa baduku ya ɗinka da fata mai kauri wadda aka jeme da bagaruwa, ya sa ƴan siraran itace ciki don kada tsini ya huda. Kube ya haɗiye har rabin ƙota. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka kifa shi ka girgiza. In wuƙa ta faɗo, to haka za ta faɗi cikin ciyawa ranar da kake bin saniya da gudu.

Wani zai tambaya, ina labarin wuƙa mai naɗewa, irin Okapi, ko Opinel da Douk-Douk na Faransa, waɗanda iyayenmu suka sani tun zamanin Nasara? Suna da amfaninsu. Ga mai aikin garka a kwarin Tarka, wajen yanke ganyen albasa da igiyar buhu, sun isa. Ga matafiyi ma sun fi sauƙin ɗauka. Amma duk abin da ke da gaɓa, a gaɓar yake lalacewa, kuma rairayi na shiga ciki. In za ka saya, ka nemi mai makulli wanda ke hana ta rufewa bisa yatsu, ka kuma sani jabu ta fi ta ainihi yawa a kasuwa. Ta zama ta biyu a aljihu. Ta farko ita ce tsayayya mai kube.

Yanzu ga yadda za a gwada kafin a biya, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka riƙe ta ka dubi gadon baya daga ƙota zuwa tsini, ka ga ko ta miƙe. Ka girgiza ƙota, kada ka ji motsi ko kaɗan. Ka juya kaifi wajen rana: inda ya ɗauki haske, nan ya dakushe, domin kaifi na gaske ba ya ƙyalli. Sa'an nan, da izinin mai ita, ka fere busasshen itace mai tauri sau goma, ka sake dubawa. In bakin ya lanƙwashe, ƙarfen ya yi laushi. In ya yi giɓi, ya yi tauri fiye da kima, zai karye kamar kwalba. In yana nan yadda yake, ka biya kada ka tsananta ciniki. Araha ba ta ado.

Riƙonta ba wuya. A wasa ta tun a gida, ba a fafe gora ranar tafiya. In an gama yanka a wanke, a share, ta bushe kafin ta koma kube. Da damina a shafa mata man gyaɗa ko man shanu, kada a sa baƙin man mota, tunda abinci take taɓawa. Kada a tona ƙasa da ita, kada a ɓanɓare murfin gwangwani da tsininta, kada a sa ta cikin wuta, domin wuta na zare taurin da maƙeri ya ba ta. In ta yanki tumfafiya a wanke ta, a wanke hannu, ruwan nan fari yana yi wa ido lahani.

Saura gargaɗi huɗu, kuma ina roƙon iyaye su kai su gida.

Na ɗaya, saran maciji. Kada a tsaga wurin da wuƙa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagawa kuwa ƙara zubar jini take yi, ba ta fitar da dafi. A kwantar da mutum, a hana ƙafar ko hannun motsi, a nemi abin hawa zuwa asibitin Madawa, ko Buza, ko Keita, ko Galmi, wanda ya fi kusa.

Na biyu, in wuƙa ta yanke ka sosai, ko ta soke ka, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka je a duba ka, a yi maka allurar tetanos, ciwon nan mai sandare jiki da ɗaure muƙamuƙi. Ƙwayarsa cikin ƙasa da kashin dabbobi take. Don haka toshe rauni da ƙasa ko da kashin shanu kiran ciwon ne.

Na uku, itatuwa. Layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, da miliyoyin itatuwan da aikin Keita ya dasa tun daga 1984, da gumin mutanenmu aka yi su, mata sun ɗauki duwatsu a ka kafin fako ya koma gona. Yaron da ya zagaye gindin itace yana sale ɓawo don ya gwada sabuwar wuƙarsa ya kashe itacen, ko da bai sare shi ba. A koya musu sale ɓawo gefe ɗaya, daga reshe. A koya musu sassaben zamani, wanda ya bazu daga ƙasar Maradi tun shekarun 1980: in kututture ya yi toho, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran da kaifi mai kyau, yanka ɗaya daga ƙasa zuwa sama, don kada reshe ya tsage.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Wuƙa ba ta zuwa wurin gardama. Ba mu manta da abin da ya faru a Bangi cikin 2016 ba, inda rikicin ɓarnar gona tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da goma sha biyar, a nan ƙasar Madawa. In dabbobi sun shiga gona, akwai mai gari, akwai sarki, akwai hukuma. Wanda zai je a yi maganar ɓarna ya bar wuƙarsa a ɗaki. Haka ran kasuwa, haka wurin kokowa da biki. Ku kuma ƴan bida, in za ku yi tafiya ku sa ta can ƙasan kaya. Ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu, a shingen jandarmomi ma wuƙa a ƙugu tambaya take jawowa.

A ƙarshe ina da shawara ga ƙungiya. Ɗan uwa da ke son ya yi wa ƙanensa tsarabar wuƙa, ya aiko da kuɗin gida. A kai wa maƙerin gari ya ƙera daidai hannun yaron, a kai wa baduku ya yi kube. In kana da hanyar samun tsohon sifirin ko magagari a garejin da kake aiki, wannan ita ce tsarabar da maƙeri zai yi murna da ita. Kuma uba ko kawu ne zai miƙa wa yaro wuƙar da hannunsa, ya nuna masa yadda ake yanka nesa da jiki, da yadda ake miƙa ta ga wani ta wajen ƙota. Dattawa, wuƙa da nama suna hannunku a wannan magana.

Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya komo da na nesa gida lafiya.