TABAR WIWI DA MAKOMAR MATASANMU

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa likita, mai duba masu taɓin hankali, ya gabatar a wajen zaman ƙara wa juna ilimi na matasa. 

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), likitan ya fara da cewa wiwi ta daɗe da barin tasha da kango, yanzu ta shigo cikin gidaje, har da gidajen da ake wa kallon na mutunci. Ya kawo binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018, wanda ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi shaye-shaye a Nijeriya a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Ya ce wato duk surutun da ake yi a kan kodin da tiramol, wiwi ce uwa a cikinsu.

Daga nan ya waiwayi tarihi, inda ya ce shan wiwi ya yaɗu ne a ƙasar nan bayan yaƙin duniya na biyu, ta hannun sojojin da suka dawo daga fagen fama da ma'aikatan jiragen ruwa. A 1966 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda aka kama yana sha, mai noma ta kuwa har hukuncin kisa yana iya hawa kansa. A 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Amma duk da haka noman wiwi ya ci gaba a dazuzzukan Ondo da Edo, ana loda ta a manyan motoci zuwa Arewa. Ya ce wannan ya isa darasi, cewa tsoron kurkuku shi kaɗai bai raba mashayi da ita.

YADDA TAKE AIKI A JIKI

Likitan ya yi bayanin cewa a cikin wiwi akwai wani sinadari mai suna THC, shi ne ke kawo abin da 'yan sha ke kira caji. Da an zuƙi hayaƙin, sai ya bi ta huhu ya shiga jini, cikin 'yan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa, ya taɓa sassan da ke kula da riƙe karatu, da auna lokaci da nisa, da yanke shawara. Sinadarin yana maƙalewa a cikin kitsen jiki, shi ya sa wanda ya saba sha kullum ake iya ganin alamarta a fitsarinsa makonni bayan ya daina.

Ya ce babban abin tsoro ga matashi shi ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen goshi, wanda ke riƙe mutum daga aikin da-na-sani, shi ne na ƙarshen nuna. Saboda haka yaron da ya fara zuƙa yana ɗan shekara 15 tamkar mai zuba ruwa ne a kan ginin da bai bushe ba.

Ya kawo misali da wani bincike da aka yi a garin Dunedin na ƙasar New Zealand, inda aka bi rayuwar yara sama da 1,000 tun daga haihuwa har suka kai shekara 38. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka fara sha tun suna samari, kuma suka ɗore a kai, kaifin basirarsu ya ragu ƙwarai a ma'aunin gwaji, kuma dainawa daga baya ba ta mayar musu da duk abin da suka rasa ba.

“AI GANYE NE KAWAI”

Da ya zo kan hujjar da mashaya ke kafawa cewa wiwi ganye ce da Allah Ya tsirar, kuma ba ta kama mutum, sai likitan ya ce zaƙami ma ai ganye ne, amma babu mai hankalin da zai kaɗa miya da shi. Ya ce a cikin mutum 10 da suka taɓa sha, kusan ɗaya yana zama kamamme, idan kuwa tun ana samartaka aka fara, to ɗaya ne a cikin 6. Alamar kamuwa ita ce idan mutum bai samu ba sai barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa faɗa da kowa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Game da hauka kuwa, ya ambaci binciken da aka buga a 1987 a kan matasa sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja a ƙasar Sweden, inda aka ga waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kamar sau 6 wajen kamuwa da ciwon hauka mai tsanani. Wani binciken na 2019 da aka yi a wasu biranen Turai da Brazil ya nuna mai sha kullum haɗarinsa ya ninka sau 3, idan kuma mai ƙarfin ce, kusan sau 5. Ya ce ba duk mai sha ne ke haukacewa ba, amma wanda ke da taɓin hankali a danginsa ya fi kowa kusa da ramin. Yakan fara ne da zargin mutane, yana ganin ana yi da shi, daga nan ya koma jin maganganun da babu mai yin su.

Ya ja kunnen matasa a kan nau'o'in da ake kira “loud” da “colos”. Ya ce ta farkon wiwi ce da aka ƙara wa ƙarfi, ta biyun kuwa sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran da ko mai sayarwar bai san mene ne ba, shi ya sa ake ganin yaro ya zuƙa ya faɗi yana shure-shure. Ban da wannan akwai tari da majinar ƙirji da ba sa ƙarewa, da bugun zuciya, da haɗarin da ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ke jefa fasinjojinsa idan ya tuƙa cikin maye.

ƁARNARTA A CIKIN AL'UMMA

A nan likitan ya daɗe yana magana. Ya ce kuɗin naɗi ɗaya ba su da yawa, amma kullum ne, don haka sai jari ya karye, sai wayar ƙanwa ta ɓace, sai kwanukan uwa su tafi kasuwa. Ɗalibi ya daina gane karatu, mai koyon sana'a ya daina zuwa shago da wuri, har maigidansa ya sallame shi. In ya je neman aure kuma, bincike ya tona shi.

Ya ce waɗanda suka fi cin ribar wannan hali su ne azzaluman 'yan siyasa, masu saya wa 'ya'yan talakawa wiwi da ƙwaya lokacin zaɓe, su mayar da su 'yan jagaliya a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gombe, alhali nasu 'ya'yan suna karatu a ƙasashen waje. Matashin da hankalinsa ya gushe ba zai taɓa tambayar haƙƙinsa ba.

Ga masu cewa ai Turawa sun halatta ta, ya ce gaskiya ne Uruguay ta halatta a 2013, Kanada kuma a 2018, amma ita kanta Kanada ta hana sayar wa yara, ta kuma wajabta rubuta gargaɗin illa a jikin kwalin. Mu kuwa, in ji shi, malaman Musulunci sun lissafa hankali a cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta kare, kuma duk abin da ke gusar da shi haramun ne, ko a kwalba yake ko a takarda.

MAFITA

Likitan ya ce wanda ya yi niyyar dainawa ya sani cewa wahalar takan fara ne kwana ɗaya ko biyu bayan ya ajiye, ta yi tsanani a makon farko, ta lafa wajen mako biyu, ko da yake barci kan ɗan jima kafin ya daidaita. Lallai ne ya sauya majalisa, ya cika lokacinsa da aiki da motsa jiki, ya kuma gaya wa wani amintacce. Idan aka ga alamun taɓin hankali, a gaggauta kai shi asibiti, irin su na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Ya gargaɗi iyaye a kan ɗaure yara da mari da duka, yana mai tunatar da halin da aka tarar da mutum sama da 300 a wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna a 2019.

A ƙarshe ya yi kira ga 'yan uwa da kada su ƙyamaci wanda ya faɗa, domin idan suka kore shi dillali ne zai karɓe shi hannu bibbiyu. Kowa ya duba unguwarsu, ya riƙe hannun mutum ɗaya, ya nema masa sana'a, ya jawo shi zama na gari. Ya rufe da addu'ar Allah Ya shirya matasanmu, Ya tsare mana hankulanmu.