Kafin Ka Ƙwanƙwasa Ƙofar Ofis: Jawabi ga 'Yan Uwa a Al Khabaisi



Tun da aka sake buɗe wa 'yan Najeriya biza a watan Yuli na 2024, bayan rufewar da aka yi a 2022, baƙi ke ta ƙaruwa a nan Deira, cikin Dubai. Kusan kowa ya sauka da lissafi ɗaya a kansa: kwana nawa ya rage wa bizata? Wannan lissafi shi ke sa mutum gaggawa, gaggawar kuma ita ke kai shi intabiyu a birkice, ko ta jefa shi hannun macuta. Abin da ya tara mu ke nan.

Mu fara da sutura. A gida, shadda da hula su ne kwalliyar mutunci, amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mai ɗaukar ma'aikata a otal ko kanti ko sito yana so ya hango ka cikin kayan aikinsa tun kafin ya ɗauke ka. Samari, ku sa farar shat ko mai ruwan sararin samaniya, da baƙin wando mai karin guga, da takalmi sau-ciki da ya sha goga. Ku bar silifas da rigar ƙwallo a ɗaki. Kada ku sa kandura irin ta 'yan ƙasa don ku burge. Ba ita ake nema a wurinku ba. A rage suma, a daidaita gemu, a yanke farce.

'Yan uwa mata, ba wanda ya ce ku ajiye hijabinku, garin Musulmi muke. Abaya mai duhu marar ƙyalƙyali da mayafi ɗaure tsaf sun wadatar. Gwala-gwalai da humra mai ƙarfi a bari sai ranar biki, domin ofisoshin nan rufaffu ne, ƙamshi ba ya samun hanyar fita.

Sai zafi. Da rani nan ana wuce digiri 40. Wanda ya taka daga ɗakinsa zuwa tashar Abu Baker Al Siddique da rana tsaka, ya sauya jirgi a Union, ya nufi Al Quoz, zai isa da riga jiƙe sharkaf. Ka saka kuɗi a katin jirgi na Nol tun dare, ka isa da rabin awa a hannu, ka wanke fuska, gumi ya bushe, sannan ka shiga.

Ka riƙe takardar tarihin aikinka, shafi ɗaya ko biyu, da kwafin fasfo da biza da hotuna, a cikin fayil mai tsafta. Mai digiri ya sani ba a aiki da takardarsa sai ta bi ta ma'aikatun ilimi da harkokin waje na gida, da ofishin jakadancin Daular Larabawa a Abuja, sannan ma'aikatar harkokin waje ta nan. Mai neman gadi ya nemi horon hukumar SIRA, wadda ke ba masu gadi lasisi a Dubai. In an tambaye ka aikin da kake so, kada ka ce kowanne ma. Faɗi abin da hannunka ya iya, da shekarun da ka yi a kai. Ka gwada amsoshinka da Turanci a gaban abokin ɗakinka har bakinka ya saba.

Yanzu ku buɗe kunne da kyau. Kamar yadda masu ɗaukar aiki suke tantance ka, kai ma kana tantance su. Dokar ƙwadago mai lamba 33 ta 2021, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2022, ta ɗora kuɗin ɗaukar ma'aikaci a wuyan kamfani. Duk wanda ya ce ka biya dirhami kaza kuɗin fom ko kuɗin biza kafin a ba ka aiki, tashi ka kama gabanka. Wanda ya ce ka zo ka gwada sati guda da bizar ziyara, tara da kora yake jawo maka. Ba kamfanin da doka ta ba ikon riƙe fasfonka. Lokacin gwaji kuma ba ya wuce wata 6.

In an miƙo takardar tayin aiki ta ma'aikatar ƙwadago, MOHRE, karanta kafin ka sa hannu. Tambayi nawa ne gundarin albashi, nawa ne alawus, domin kuɗin sallama a kan gundarin ake lissafa shi: albashin kwana 21 a kan kowace shekara, cikin shekaru 5 na farko.

Waɗanda suka daɗe a garin nan, don Allah ku ara wa sabon zuwa riga da dutsen guga, ku duba masa takarda kafin ya sa hannu. Allah Ya ba kowa halalinsa. Wassalamu alaikum.