Waƙoƙin Faransanci na yara: wanne za a tura a memori?

Daga Augie nake magana yau, kuma tambayar wata baiwar Allah ce ta kawo mu: tana so 'ya'yanta su fara jin Faransanci, to waɗanne waƙoƙi za ta sa musu a waya?

Wani zai ce, Faransanci kuma a Augie? Eh mana. Mu nan Kabi, Nijar maƙwabta ce ta jini. Wa ba shi da ɗan'uwa ko abokin ciniki ta wajen Dogonduci, Dosso ko Gaya? Gaskiya ne a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, takardun asibiti da na makaranta da shi ake rubuta su. Ga Benin ma ta wajen Bagudo. Yaron da kunnensa ya saba tun yana ƙarami, ba zai tsaya yana zare ido a bakin boda ba.

To, abu na farko da nake dubawa shi ne ma'ana, domin daɗin amo yana ruɗin mutane. Ɗauki "Alouette", wadda kusan duk duniya ake rerawa: zancen fige tsuntsu ne, gaɓa bayan gaɓa. Wannan ba ya damuna, yaranmu sun ga ana fige kaza, kuma za su koyi sunan kai da baki da wuya. Amma "Il était un petit navire" fa? Labarin matuƙa jirgin ruwa ne da abinci ya ƙare musu, suka yi ƙuri'a a kan wanda za a cinye, ta faɗa kan ƙaramin yaro. Ni dai ba zan sa wa ɗan shekara huɗu ita da dare ba. "Frère Jacques" kuwa, wani mai hidimar coci ake tasa daga barci ya kaɗa ƙararrawar ibadar asuba. Wasu iyaye ba ruwansu, wasu ba za su so ba. Ka dai san abin da ke ciki kafin ka yanke.

Wadda na fi so ita ce "Savez-vous planter les choux", wai shuka kabeji ake yi da hannu, da ƙafa, har da hanci. Yaron da ya tashi yana ganin ana dashen shinkafa da albasa a fadamar Rima, nan take zai gane wasan, ya tashi yana kwaikwayo.

Sai ɗaukar kanta. Waƙa ɗaya za ka same ta kala ashirin a YouTube, galibi kiɗa ya danne murya. Nemi mai murya ɗaya, a hankali, wadda kake jin kowace kalma tana fita. Henri Dès, mawaƙin yara ɗan Suwizalan, yana da irin wannan bakin. Idan ka ji murya kamar ta na'ura, wuce kawai.

Kuma don Allah kar ka miƙa wa mai tura waƙoƙi a kasuwa memori ka ce "cika min da na Faransa". Abin da zai zuba maka, wallahi ba na yara ba ne. Ka zaɓi biyar ko shida da kanka, ka sauke sau ɗaya, data ta huta. Sauti ya fi bidiyo, sai a sa a ƙaramar rediyo mai memori, wayarki Hajiya ta tsira daga hannunsu.

In akwai ɗan Nijar a unguwa, ko malamin Faransanci, a ba shi ya saurara ya fassara muku tukuna.

Wanda ya yi firamare a Nijar, ya turo mana sunan waƙar da aka koya musu a aji, mu haɗa su a shiri na gaba. Sai mun ji daga gare ku.