Batir mai caji ko na yarwa: jawabin kwamitin sayayya a taron cika shekara goma

 

Hajiya shugaba, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin wannan rana, Allah ya maimaita mana. Waɗanda aka fara adashin nan da su, suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

Da aka ce kwamitin sayayya zai yi magana a kan batir, mun ga wasu sun yi murmushi. Ranar biki, ga shinkafa tana jira, sai zancen batir? To, ku yi mana haƙuri. A zaman da ya wuce an kawo shawarar a ciri kuɗi daga asusu, a saro batura masu caji da caja, a raba wa mambobi su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin nan gumin ƙuli-ƙuli ne da ɗinki da kitso, shi ya sa aka ce mu bincika kafin a ɗaga hannu.

Mu fara da lissafi. Gidan da tocila ko rediyo ke cinye batir biyu duk mako, a shekara ya sayi guda 104. Ba ma jin zafin kuɗin ne don ba a dunƙule suke fita ba, yau a aiki yaro shago, mako mai zuwa a sake aikensa. Shi kuwa mai caji, irin wanda aka rubuta NiMH a jikinsa, idan na kirki ne ana iya cika shi sau ɗaruruwa. Yana da tsada ranar saye, ga kuɗin caja, amma a abin da ake kunnawa kullum ba ya daɗewa ya mayar da kuɗinsa. Tocilar da ake shiga kicin da ita da asuba, fitilar karatun yara, kayan wasansu masu ƙara da walƙiya, duk nan wurinsa ne.

Sai dai ba kowane abu ne mai ci ba. Agogon bango da rimot lasa kawai suke yi, batirin yarwa mai kyau yakan kai shekara a cikinsu. Mai caji kuma yana da hali guda: ko an ajiye shi ba a taɓa ba, cajinsa na tsiyayewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ku tuna yadda ɗakunanmu ke zama a watan Afrilu. Akwai irin da ke riƙe caji wata da watanni, kamar Eneloop da kamfanin Sanyo na Japan ya fitar a 2005, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne. A ganinmu, sa batir mai tsada a agogon bango kamar ɗaura sabuwar atamfa ne a shiga daka.

Akwai kuma maganar ƙarfi. Na yarwa volt 1.5 ne, mai caji 1.2. Yawancin kaya ba su damu ba, amma wasu na'urori kan nuna batir ya yi sanyi alhali yanzu aka ciro shi daga caja. Masu na'urar awon hawan jini a gida, kuma mun san muna da yawa, a duba takardar da ta zo da ita. In ta ce alkalin, a tsaya a kan alkalin.

A kasuwa a buɗe ido. Akwai batirin litiyom mai girman AA sak, amma volt 3.7 ne, in kika sa shi a abin da ba nasa ba sai ki ji ƙauri. Sannan lambar mAh da ake bugawa a jiki, wadda ke nuna yawan cajin da yake ɗauka: AA na gaskiya bai kai 3,000 ba. Kika ga an rubuta 4,800 kuma ga araha, ki mayar wa mai shago abinsa cikin mutunci.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci a kwamiti shi ne wuta. Ɗaya daga cikinmu ta ce, "Duk na ji, amma in an kwana uku ba a kawo wuta ba, da me zan cika shi?" Gaskiya ta faɗa. Caja na buƙatar awoyi, kuma wadda ta sayi biyu kacal za ta zauna a duhu ranar da suke kan caji. Dole a sami na canji, biyu a tocila, biyu a caja. Shi ya sa muka fi karkata ga caja mai igiyar USB irin ta waya, wadda ƙaramin faifan sola zai iya ɗauka.

Kafin mu zauna, ga gargaɗi, don da yawanmu mun taso muna ganin ana shanya batir a rana ko a cije shi wai ya farfaɗo, 'yan makaranta kuma suna fasa shi su shafe allo da baƙin cikinsa. Ɗumin rana kan ba shi ɗan numfashi na mintoci, shi ke nan, cizon kuwa fasa shi yake yi. Kada a sa na yarwa a caja, zai iya tsiyaya ko ya fashe. Kada a haɗa sabo da tsoho. Rediyon da za a ajiye a tafi ganin gida, a cire masa batir, don farin garin nan da ke fitowa yana cin ƙarfe. Wanda ya mutu kada a share shi cikin murhu ko sharar da za a ƙona. Mafi haɗari shi ne ɗan mitsitsin nan mai kama da maɓalli na agogon hannu da kayan wasa. Yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa biyu zai iya ƙona masa maƙoshi. Kada a jira a ga ko zai fito, kada a sa shi amai, a nufi asibiti nan take.

Ga shawararmu, ranki ya daɗe. Kada a saya wa kowa da kowa tukuna. A fara da faifan sola ɗaya da caja biyu a shagon ƙungiya, da baturan AA masu caji ga mambobi ashirin da suka fi amfani da tocila. Na yarwa a ci gaba da saro su don agogo da rimot. Masu babban rediyo mai cin manyan batura su ɗan dakata, masu cajin irinsu sun yi tsada. Kowace daga cikin ashirin ɗin ta riƙa faɗa wa ma'aji abin da ta kashe duk wata, bayan wata shida mu kawo muku littafin ku gani da idonku.

Mai son shiga ta ba sakatariya sunanta bayan an ci abinci.