Bugun da Laura Ta Ji a Bango

Lokaci ya ƙure, zan tafi kai tsaye.

Shekara da shekaru muna ja-in-ja da wasu abokan aikina kan fina-finan ban tsoro. Su a wurinsu tarkace ne, ba abin da ɗalibi zai tsinta sai fatalwa da ihu. Yau na zo musu da El Orfanato, fim ɗin Sifaniya na 2007 wanda J. A. Bayona ya ba da umarni.

A fim ɗin, wata mata mai suna Laura ta koma tsohon gidan marayun da ta tashi a ciki, ita da mijinta da ɗansu Simón. Ɗan riƙo ne, kuma yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Duka biyun an ɓoye masa. Kullum a miƙa masa magani ya haɗiye, ba a taɓa ce masa ga dalili ba. Abokan wasansa kuwa babu mai ganinsu sai shi.

Ku tsaya mini a nan, domin nan hujjata take. Ranar wata walima a gidan, Simón ya nace sai uwarsa ta zo ta ga ɗakin abokinsa Tomás. Baƙi na jira, ta ƙi, ta mare shi, yaro ya ɓace. Tana cikin nema ta buɗe ma'ajiyar ƙarƙashin matakala, wasu ƙarafa suka zubo, ta tura su ciki ta rufe. Ashe bayan ƙarafan akwai ƙofar ɓoye, Simón yana ɗakin ƙasa, da hannunta ta tokare masa hanya. Da dare ta ji ana bugun bango, ta ɗauka fatalwa ce. Ɗanta ne yake neman fita. Sai bayan watanni ta tsinci gawarsa. Tomás ɗin ma a wannan ɗaki uwarsa ta ɓoye shi tun shekaru da dama, an rufe masa fuska da buhu saboda nakasa. Wallahi duk sanda na kalli wurin bugun nan sai jikina ya yi sanyi.

An ce mini wannan matsalar Turawa ce. To, a wane gari ne ba mu da ɗan riƙon da sai ranar rabon gado yake jin ko shi wane ne, alhali addini ya hana a ɓoye wa yaro nasabarsa? Yara nawa ke shan maganin da ba su san sunan ciwonsa ba?

Ina nan a kan bakana: a sa fim ɗin nan cikin manhajar nazarin zamantakewa, a nuna wa masu koyon aikin jinya. Marubutanmu na Kannywood kuma su rage jajayen idanun aljanu da bukkar boka, su leƙa ɗakin da aka hana yaro tambaya.