Giya da kujerar da ba kowa ranar Litinin



Duk mai bin hanyar Kollo da sassafe zuwa ofisoshin Yamai ya san Litinin ɗin da ke biye da albashi daban take. Kujera na nan, mai ita babu. Sai a ce zazzaɓi ne. Abokan aiki kuwa sun san sunan zazzaɓin. Ko a shekarun 1990, da albashi ke yin watanni bai fito ba, kwalbar Bière Niger da ake yi wa laƙabi da "Conjoncture" ba ta rasa masu saye ba.

Asarar ba ta tsayawa kan mashayi. Ɗan kasuwar da ya rufe shagonsa don neman sa hannu guda ya koma gida haka nan, gobe ma ya sake rufewa.

Mafi nauyi ita ce naƙasa. Asusun CNSS, da aka kafa a 1965, shi ke ɗaukar maganin ma'aikacin kamfani da diyyarsa idan ya yi haɗari a wurin aiki, ko bisa hanyar zuwa can, kuma masu kamfanoni ne ke zuba kuɗin wannan reshe. Wanda ya kwana a mashaya, da safe inji ya datse masa yatsu, nauyinsa ya hau kan asusun da aka tara domin kowa.

Duk da haka, wani shugaban sashe, don zumunci ko kunyar dattijo, da hannunsa yake rubuta cewa mutumin ya zo aiki.